Murdo Strang, Wanda Ya Ɓoye Mini Takalma

Murdo Strang ya yi shekara ashirin da shida yana tsaron bukkar matafiya da ke bakin kogin Waimatao, kuma a tsawon wannan lokaci ban san mutum ɗaya da ya kwana a wurinsa ya tafi yana sa masa albarka ba. Ni ma ban sa masa ba. Yau na haura tamanin, ban kuma ga dalilin sauya ra'ayi ba.

Ɗan makiyayi ne, jikan mutanen Sikotlan. Ya bar makaranta yana da shekara goma sha biyu, ya bi tumaki hawa da gangara har gwiwarsa ta hagu ta daina lanƙwasuwa. Daga nan ƙungiyar masu hawan dutse ta damƙa masa bukkar. Bai yi aure ba. Abincinsa naman tunkiya da dankali, safe da yamma, sai baƙin shayi daga butar da ba a taɓa wanke cikinta ba. Ana cewa ƙanensa ya halaka a wannan kogin da igiya ɗaure a ƙugu, ruwa ya danne shi ƙasa, Murdo na riƙe da ɗaya bakin igiyar. Shi dai bai taɓa faɗa ba. Abin da kowa ya sani shi ne, in ya gan ka da igiya a bakin mashigi, sai ya zage ka tas.

Waimatao daga ƙanƙarar saman duwatsu yake sauka. A watan Nuwamba da Disamba, lokacin zafi a ƙasarmu, in rana ta buɗe, ƙanƙarar kan yi ta narkewa tun hantsi, kafin la'asar kogin ya cika ya yi fari kamar an dama alli. Sanyin dare ne ke ɗaure shi, da asuba ya janye. Kowace safiya Murdo kan kafa wani ɗan turke daidai inda ruwa ya tsaya. Idan ruwa ya shanye turken, to an rufe mashigi, kuma shi kaɗai ya naɗa kansa alƙalin wannan doka.

A bukkokin dutse ba a shiga da takalmi, a bakin ƙofa ake jere su. Wannan ladabi namu shi Murdo ya mayar makami.

Ranar Alhamis ce, sha shida ga Disamba, 1971. Limaman mishan da suka karantar da mu sun hore mu a kan rubuta kwanan wata da lokaci, littafin da nake rubutawa a ciki kuwa yana nan wurina. Ni da Alban, abokin aikina na koyarwa, mun yi kwana biyar a cikin duwatsu, kowa da jakar goyonsa. Mun iso bukkar da ƙarfe biyu da kwata na rana. Muka tuɓe takalma muka shiga. Murdo na zaune yana feƙe itace, bai ko ɗago ba.

"Wane ne Eruera a cikinku?"

Na ce ni ne.

"An yi ta cigiyarka ta oba-oba tun shekaranjiya. Uwarka ta mutu ran Talata. Gobe ƙarfe sha ɗaya za a binne ta. Ga shayi nan."

Haka ya faɗe ta, kamar mai sanar da ɓatan tunkiya. Na zauna a kan benci. Alban ya sa mini kofi a hannu, na riƙe, ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Da hankalina ya dawo sai na shiga lissafin hanya. Daga tsallaken kogi zuwa inda muka bar mota tafiyar awa shida ce a ƙasa, daga nan awa huɗu a mota zuwa garinmu. In na ƙetare yanzu, akwai sauran hasken rana har ƙarfe tara, don rana kan daɗe ba ta faɗi ba a wannan watan, gari zai waye mini a gida. In na jira asuba, ba zan isa ba sai uku na yamma. A wurinmu, mu Maori, kwana uku ake yi mamaci na kwance a buɗe a zauren taro, 'ya'yansa na zaune gefensa, ana yi masa magana kamar yana ji. Da safiyar ta ƙarshe ake rufe akwatin gawar. Kwana biyu sun riga sun wuce ni. Fuskarta kawai nake so in gani.

Na miƙe na fita. Ga takalman Alban, ga na Murdo, nawa babu.

"Mista Strang, ina takalmana?"

"Suna cikin akwatin ƙarfen nan." Ya nuna wanda yake zaune a kai. "Gobe da asuba za ka same su, har da mai na shafa musu."

"Ba wasa na zo yi ba."

"Ka taɓa ganin na yi wasa? Je ka duba turke, ɗan mishan. Tun ƙarfe sha ɗaya na safe ya nutse."

"Kakana ya ƙetare kogunan nan tun kafin kakanka ya san akwai su."

"Kakanka ya san lokacin da ake zama, shi ya sa har ya haifi ubanka. Kai kuwa me ka sani? Latin ɗin limamanku?"

Alban ya sa baki, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, mahaifiyarsa ce fa."

"Kai yi mana shiru, mai alli. Ita ta riga ta tafi. Ni ban da ƙarfin da zan yi kwana uku ina bin gaɓa ina leƙa gindin itatuwa ina neman gawarsa. Na yi sau tara, ya ishe ni."

Ban taɓa ɗaga wa babba hannu ba sai ran nan. Na cakumi wuyan rigarsa na ja. Ko gezau bai yi ba, sai warin taba da kitsen tunkiya da ya bugi hancina. Ya dube ni ya ce, "Ja da kyau, malam. In ka iya ɗaga ni, wataƙila ka iya tsayawa a ruwan."

Na sake shi. Takalman Alban da na Murdo sun yi mini kaɗan ƙwarai, ƙafata ko shiga ba ta yi. Na saɓa jakata na gangara bakin kogi da safa. Na shiga har gwiwa. Sanyin ya kashe mini ƙafafu cikin minti ɗaya, duwatsun ƙasa kuwa sulɓi da kaifi. Daga tsakiyar ruwan ina jin wani gunji a ƙasa-ƙasa, manyan duwatsu ne ruwa ke mirginawa. Na ƙara taku biyu, ruwa ya kai cinya, wani dutse ya daki idon sawuna. Na juyo. Murdo na tsaye a kan gaɓa da kofinsa.

Na rubuta a littafina a ranar, kuma ina kan bakana: da takalmi a ƙafata da na wuce. Ina da shekara talatin, na fi shi tsawo, na san inda kogin ya rabu uku a ƙasa da mashigi. Alban ya sha gaya mini cewa ba haka ba ne. To, Alban ba uwarsa ba ce.

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba Murdo ya jefo mini takalman. Ya shafa musu man kuwa. Turken ya fito, har da tazarar taƙi guda tsakaninsa da ruwa. Ya ɗauko wata doguwar sanda mai kaurin dantse, ya sa muka rungume ta a ƙirji mu uku a jere, shi a sama inda ruwa ke fara bugu, Alban a tsakiya, ni a ƙasa. Dabarar kakanninmu ce wannan, a bakin kakana na fara jin ta, amma ga shi wani jikan Sikotlan yana koya mini ita da tsawa.

"Kwance maɗaurin jakarka na ƙirji. Kada ka kalli ruwa, kalli wancan baƙin dutsen. Ja ƙafa, kada ka ɗaga. Mai alli, in ka saki sandar nan ni zan nutsar da kai da hannuna."

Ba mu yanke kai tsaye ba, muka bi ruwan a karkace yana tura mu ƙasa kaɗan-kaɗan. Ya kai mini ƙugu a inda ya fi zurfi. Minti bakwai muka yi. Da muka taka yashi sai ya karɓe sandarsa, ya juya ya koma shi kaɗai da gurguwar gwiwarsa. Bai yi mini ta'aziyya ba, ni ma ban yi masa sallama ba.

Awa shidan nan a biyar da rabi muka yi ta. Na isa garinmu uku saura minti ashirin. An gama, mutane sun wanke hannu a ƙofar maƙabarta bisa al'adarmu, suna can suna cin abinci. Yayata Ripeka ce ta raka ni kabarin. Ƙasar ba ta ko bushe ba. Na ba ta labarin abin da aka yi mini, ina jiran ta taya ni zagi.

Ta ce, "An sa mata shuɗiyar rigar nan da ka sayo mata. Ta yi kyau." Can ta ƙara da cewa, "Da wanne kake so in ji, Eru? Rami ɗaya ma da ƙyar maza suka haƙa."

Ita dai ta ga fuskar mahaifiyarmu.

Murdo ya ƙara shekara goma sha ɗaya a bukkar. Ya ɓoye takalman likita, da na sojoji biyu, da na wasu amarya da ango. An kai ƙararsa ƙungiya ba sau ɗaya ba, amma ba a samu mai son zama a wurin ba sai shi. Daga baya aka ɗaura gadar waya a kan mashigin, aka ce ya huta. Ya ƙare a gidan tsofaffi, a cikin gari, nesa da kowane kogi.

Sau ɗaya na je wurinsa, a 1989. Yana kan kujera an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni.

"Ɗan mishan. Ashe kana nan da ranka."

"Ina nan."

"In godiya ka kawo, riƙe abarka."

"Ba ita na kawo ba. Zuwa na yi in gaya maka, da ka bar mini takalmana, da na ƙetare."

Ya dubi takalman da ke ƙafata, ya kau da kai wajen taga. Ya ce, "Turke ya nutse tun sha ɗaya."

Ya mutu a damina ta gaba. Ban je jana'izarsa ba, ko da yake hanyar kwalta ce tun daga ƙofar gidana, babu ko rafi a tsakani.