Ƙofar Bayan Motar Malam Sabo

Ni ɗan gidan malamai ne a Takur. Mahaifina ya so in gaje shi a karatu, ni kuwa hannuna ya fi son guduma, sai ya haƙura ya kai ni garejin gyaran jikin mota a cikin Dutse. Na iya aikin, ko maƙiyina ba zai musa ba. Haƙuri ne ban iya ba.

Da ƙaramin abu na fara. In toshe ruɓaɓɓen ƙarfe, in fesa fenti, in rantse wa mai mota cewa ɗan Kwatano ne. Da na ga ba mai ganewa, sai na koma kwance madubi da fitila a motocin mutane.

Wata rana wani dattijo daga Miga, Malam Sabo, ya zo da 'yar ƙaramar bas ɗinsa da yake kai hatsi kasuwanni. Babbar mota ce ta murƙushe masa ƙofar baya. Ya nema har Kano bai sami wadda ta dace ba, wata ta yi faɗi, wata makullinta ya ƙi zama.

"Yaro, ta hannu nake so, amma ta halal," in ji shi.

Na ce, "Baba, ka bar mini wannan."

Na san mota ɗaya irin tasa sak, ta wani mai fataucin awaki. Ranar Juma'a ya ajiye ta bayan wani kango ya tafi masallaci. Liman yana huɗuba, ni ina kwance noti. Na fesa wa ƙofar fenti ta waje, na bar cikin yadda yake, don a ganina wa ke duba ciki? Ta zauna daram. Malam Sabo har albarka ya sa mini.

Ashe mai awakin ya sa an yi masa waldar zobba biyu a cikin ƙofar, inda yake ɗaure igiya, ɗaya a karkace. Ranar kasuwa Malam Sabo ya ɗaga ƙofa zai sauke buhuna, mutumin yana kusa, ya ga zobbansa. Ya kwarma ihun ɓarawo. Kafin a ƙwace dattijon daga hannun jama'a, idonsa na hagu ya tsiyaye.

Kwana uku yana hannun 'yan sanda yana cewa a kira ni in yi masa shaida, wai ni ɗan malamai ne, tabbas ni ma cutata aka yi. Ni kuwa ina ɓoye a Taura, har aka zo aka kamo ni. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Shekara uku na yi a gidan yari, kuma ban taɓa ganin ta yi yawa ba.

Da na fito, Miga na fara zuwa. Na same shi a zaure, motar tuni an sayar. Na durƙusa na nemi gafara.

Ya ce, "Idon na yafe maka. Amma har yau in na shiga kasuwa sai in ga mutane suna dafe aljihu. Mutuncina kuwa, je ka karɓo mini a wurinsu."

Na tuba, na koma ga gudumata, amma wannan aiken ya fi ƙarfina. Samari, ku ji tsoron ƙaramar ƙaryar farko a sana'a. Ni na yi sata, na gama zaman kaso, na fito. Malam Sabo bai ɗauki komai na kowa ba, shi ne har yanzu ake kira ɓarawon ƙofa.