Muryar Afiniki

Yayata Afiniki tana da murya irin ta maza, mai kauri, wadda in ta yi magana a tsakar gida sai ka ji ta a ƙirjinka. Haka Allah ya yi ta. Amma mutanen da ke cika baki da sunan Allah su ne suka hana ta sakat, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

A Nok aka haife mu. Tun tana budurwa yara ke bin ta a hanyar rafi suna kiran ta Baba Afiniki, manya na ji suna dariya. In ta ɗauki waya sai a ce, "Yallaɓai, ba wa madam." Da aure ya kawo ta Kafanchan ta kama aikin tsaga citta, aikin da ba ya buƙatar baki. Kowa na yabon ta wai mace mai kunya, alhali tsoro ne ya rufe mata baki.

Ga ta kuwa da son waƙa kamar me. Ta shiga zumuntar mata a cocinsu, ta ɗinka anko da murnarta. Ranar farko da ta buɗe baki, shugabar zumunta, Mama Angelina, ta ɗaga hannu ta tsayar da kiɗa.

"Wane namiji ne ya shigo mana?" Mata suka kwashe da dariya. "Afiniki, wannan murya naki yana ɓata mana waƙa. Ki motsa baki kawai, Allah yana ji."

Aka miƙa mata caki ta riƙa girgizawa, aka tura ta layin baya. Shekara da shekaru yayata tana tsaye a can, baki na motsi, ba sauti. Na yi mata faɗa har na gaji. Na ce cocin nan na uban Angelina ne? Sai ta ce in rufa mata asiri, ita dai kada a ce ta fita daban.

Ina zaune a gidansu sai 'yarta Yemima ta fara tasowa, muryar uwar sak. Yarinyar da ke tashe mu da waƙa tana wanke-wanke, sannu a hankali ta daina, gidan ya yi tsit. Ranar godiyar kaka yaran makarantar Lahadi suka fito gaba su yi waƙa. Afiniki ta hango 'yarta a can ƙarshen layi, baki na motsi, wuya kuwa ko motsi ba ya yi. Ita ta fi kowa sanin wannan dabara.

A gida ta ritsa ta a ɗaki, ina wurin.

"Wa ya ce ki yi shiru? Faɗa mini sunansa!"

Yemima ta sunkuyar da kai. "Ba kowa, Mama. Na ga yadda kike yi ne."

Ban taɓa ganin yayata ta fusata haka ba. Ba ta ci abinci ba ranar, citta kawai ta yi ta tsagawa kamar ita ta yi mata laifi.

Lahadi ta zagayo, zumunta suka tashi. Da aka zo amshi, Afiniki ta ajiye caki a kan benci ta saki muryar nan gaba ɗaya. Mai buga tulu ta rikice. Wasu samari a baya suka fara ƙyaƙyata, Mama Angelina ta juyo tana harara kamar ta haɗiye ta. Yayata ta dube ta ido cikin ido ta ƙara ɗaga murya, hawaye na zuba.

Ba wanda ya tafa mata. Bayan sujada Mama Angelina ta ce ta kunyata zumunta a gaban jama'a. Afiniki ta ɗauko caki ta danƙa mata a hannu.

"Mama, ga kayanki. Mako mai zuwa ma zan yi waƙa."

Har yanzu akwai masu taɓe baki in ta tashi, su ta shafa. Washegarin ranar nan da sassafe ina shara na ji murya mai kauri tana tashi daga wajen wanke-wanke. Na ɗauka Afiniki ce. Da na leƙa sai na ga Afiniki tsaye bakin ƙofa ta dafe ƙirji, Yemima kuwa ta duƙa kan tukwane tana rera waƙa da iyakar ƙarfinta.