Ranar da Aka Kama Inna da Santi

Lokacin da Inna, mahaifiyata, ta zo mana Germantown daga Kano, ɗana na fari yana ajin ƙarshe na sakandare. Ba zan faɗi sunansa ba, ko a Amurka ɗan fari ɗan fari ne. Rabonta da ganinsa ido da ido tun yana rarrafe. A waya kuwa gaisuwar tsaye ce, ina kwana, lafiya lau, ya miƙo mini wayar ya gudu.

Tun a filin jirgi ta fara. Ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Wannan ne mijin nawa? Dogo kamar falwaya, ga kai ba aski. Ni kam na fasa auren."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya ja akwatinta ya yi gaba.

Yaron yana jin Hausa tsaf, da Turanci dai yake amsawa. To amma kalmomi yake ji. Wasan kaka da jika ba a makaranta ake koyonsa ba, a tsakar gida ake tsintarsa, mu kuwa tsakar gidanmu matakala ce da lifta. Kullum Inna sai ta ja shi. Idan ya makara a barci, rago. Idan ya shigo hannu rabbana, marowaci, mijin da ba ya ciyarwa. Tana faɗa tana kallonsa ta gefen ido, jira take ya rama, ya ce mata tsohuwa, ya ce ya sake ta. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ba ta haƙuri da Turanci, ya shige ɗaki. A hankali har abincinsa ya koma ci a can.

Wata safiya ina kai shi makaranta ya tambaye ni me ya yi wa Kaka ta tsane shi. Na ce wasa ne, so ne ma. Ya ce shi bai taɓa jin inda ake zagin mutum don ana son sa ba. A makon nan dai Inna ta same ni a kicin ina yanka albasa, ta ce, "Yaron nan ba ya sona. Na ja shi, na ja shi, ko sau ɗaya bai tanka ba. Ko ƙyamata yake yi?" Haushi ya kama ni, na su biyun. Ƙarshen wata za ta koma, ga gwiwoyinta sun fara ƙin doguwar tafiya, ban da tabbacin za ta sake hawa jirgi. Tsorona shi ne su rabu kowa yana zaton ɗan'uwansa ba ya ƙaunarsa.

Shi ya kawo shawarar, da fuskarsa a ɗaure. Ya ce tun da ta ce ba ya ciyar da ita, ranar Asabar zai ciyar da ita. Wai zai kai ta inda suke cin ramen da abokansa, taliyar nan ta mutanen Japan da ake zubawa cikin romo. Na ce, "Kai, ka san Inna kuwa? Matar da ko abincin biki sai ta sansana?" Ban da haka, romon nasu galibi na alade ne. Ya ce wannan wurin suna da tukunyar kaza daban, ya tambaya tuntuni.

Bayan azahar muka fita. Cunkoson babban titi ya riƙe mu kamar kullum, Inna tana gaba tana jan carbi tana cewa mijin kirki da tuni ya sa an yanka mata kaza a gida. Ta madubi na ga ya juya yana kallon taga.

Ɗan ƙaramin shago ne tsakanin wurin wankin kaya da mai gyaran waya. Tebura na katako, tururi ya rufe gilashi, ƙamshin tafarnuwa da citta tun daga ƙofa. Muna shiga ma'aikatan suka ɗaga murya gaba ɗaya da yarensu. Inna ta ja da baya ta kama hannuna.

"Lafiya? Me muka yi musu?"

"Maraba suke mana, Inna."

"Maraba da tsawa?"

Duk da abin da yaron ya faɗa mini, sai da na titsiye yarinyar da ke kawo abinci, har ta kira mai dafawa ya leƙo ya tabbatar mini: kaza ce zalla, ba alade, ba giya. Ɗana ya rufe fuska da hannu don kunya. Ban damu ba. A teburin kusa da mu wani bawan Allah ya dage yana zuƙar taliya, fuuut, fuuut, kamar famfo ya ja iska. Inna ta ce wannan kam ba a yi masa tarbiyya ba. Yaron ya ce a wurinsu haka ake ci, yabo ne ga mai girki. Na fassara mata. Ta ce Allah ya kyauta.

Gyoza aka fara kawowa, 'yan ƙananan ƙunshin fulawa da niƙaƙƙiyar kaza da kabeji a ciki, gindinsu ya soyu ya yi ja, samansu kuma laushi. Inna ta leƙa farantin.

"Ɗanwake ne aka ɗinka wa riga?"

Aka ba ta tsinkaye biyun da suke ci da su, ta juya su ta ce ita ta daina saƙa tun da idonta ya yi rauni. Ta yi bismilla ta sa hannu ta ɗauki ɗaya, ta tsoma a ɗan ruwan miyar mai tsami-tsami. Ta tauna. Sai na ga hannun ya koma farantin.

Sai ga kwanukan ramen, kowanne ya isa a yi wa jariri wanka a ciki. Romo fari mai kauri, taliya a naɗe a ƙasa, yankan kaza, ganyen albasa, rabin ƙwai, da wani baƙin ganye kamar takarda a jingine a gefe. Inna ta fara lissafin laifuffuka. Ƙwai bai nuna ba. Taliya ta nutse. Wannan baƙin abin kuma ko laya ce. "Mijin nan kashe ni zai yi ya huta," in ji ta. Na ga kafaɗun yaron sun sauka. Ya ajiye tsinkayensa a bakin kwano, ni kuma na ji kamar in tashi mu tafi.

Ta ɗebi romon da cokali ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Ta karɓi cokali mai yatsu ta naɗo taliyar. Daga nan sai gumi ya fara tsattsafo mata a goshi. Inna fa a gidanmu ita ce sarauniyar kamun santi. Ba wanda ya tsira, har mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ita kuwa ba ta magana a kan abinci, don haka ba a taɓa kama ta ba. Kwanon ya kai rabi sai ta ɗago kai, ta dubi bango, ta ce cikin natsuwa:

"Ni fa tun da can na san mutanen Japan ɗin nan mutanen kirki ne. Keken ɗinkina ma nasu ne, bai taɓa ba ni matsala ba."

Na cije leɓe. Ni ba ni da bakin kama mahaifiyata da santi. Na dubi ɗana, na ga idonsa ya buɗe. Wannan kalmar kam ya san ta, tun yana ƙarami nake kama shi da ita a kan waina da miyar taushe. Ya dube ni, ya dube ta. Sai ya ce, da Hausa:

"Kaka, ka yi santi."

Cokalin ya tsaya a hannunta.

"Ka yi? Yau kuma namiji na zama?"

"Kin yi. Kin yi santi." Ya miƙa doguwar ƙafar nan tasa ya tokare ƙafar kujerarta ta baya. "Waigi. Kada ki zame."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Dariya ta ci ƙarfinta har mai zuƙar taliya ya juyo.

"Wane santi? Labari nake ba uwarka. Ruwan zafi da taliya ne za ka kira ciyarwa?"

"To, kawo." Ya kai hannu zai ja kwanon. Ta make hannun.

"Taɓa ka gani!"

"Tsohuwa," ya ce, yana laluben kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "na sake ki."

"Ka bari in gama kwanon nan tukuna."

Ni dai ina zaune taliyata tana hucewa, daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Inna ta zuƙi taliyar ƙarshe da ƙara, fuuut, ta ce ai yabo ne ga mai girki. Ta ɗaga kwanon da hannu biyu ta shanye romon. Gyoza kuwa ko ɗaya ba ta bar mana ba, sai da yaron ya tashi ya je kanta ya ce a ƙaro.

Yana tsaye can ya ba mu baya, ta bi shi da kallo. Ba ta dube ni ba ta ce a hankali, "Kin san har na haƙura? Na ce a raina zan koma gida ba ni da jika a ƙasar nan." Ta sa bakin mayafi ta goge ido. Na matsa mata da kofin ruwa.

Da ya dawo da farantin ta gyara zama ta ɗaure fuska.

"Ka daɗe, malalaci."

Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, har kalmar ta fara fitowa. Sai ya tsaya. Ya ajiye farantin a gabanta, ya ja kujerarsa kusa da tata.

"Ci, acici," ya ce.