Gyaɗar Iri

Inna takan ce da a tsaye ake haihuwar mutum, to ni a tsaye aka haife ni. Ba na ɗumama wuri. Kafin in cika shekara talatin na yi kiwon kaji, na sayar da takalma, na fara koyon walda na watsar, na shiga karatun koyarwa na yi zango biyu na tattaro kayana. A ƙarshe na buɗe ɗan shagon gyaran waya a Dutsin-Ma, ba don ina ƙaunar aikin ba, sai don abu ne da ake gamawa kafin shayi ya huce. Ko a sahun salla, da liman ya ja sura sai ƙafata ta dama ta fara rawa.

Mahaifina kuwa manomi ne a Wurma, mutum ne da zai yi wuni guda yana gyaran ƙotar fartanya bai ga ya ɓata lokaci ba. Bayan an kai amfanin gona gida a wata shekara, ya faɗi a bakin rumbu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo a hankali, har yana dogara sanda ya je masallaci. Hannun ne ya ƙi. Yatsun suka dunƙule, da hagu yake cin tuwo, kuma abin yana cin ransa ƙwarai.

A asibiti aka ce maganin hannun motsi ne, kullum, ba fashi. Aka ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ranar da muka dawo ya jefa ta bayan akurki, ya ce shi ya wuce wasan tamaula. Sannan ya kira ni da Inna ya yanke magana: idan ruwa ya zauna hannun nan bai iya jefa iri a rami ba, zai ba wani gonar ya noma. Gonar kakanmu ce, ba a taɓa ganin baƙon hannu a cikinta ba. Bai ce ni in noma ba, ni ma ban yi tayi ba. Duk mun san ko wane ne ni.

Inna ce ta samo dabara da bazara ta kama. Ta sa aka sauko da buhun gyaɗar iri daga rumbu, ta ajiye a gindin darbejiyar ƙofar gida, ta ce ita idonta ya yi rauni, ba mai ɓare mata. Baba ba zai matsa ƙwallo ba, amma ba zai ga iri a zube ya kau da kai ba. Sharaɗinsa ɗaya, ba ya aiki shi kaɗai kamar maraya. Haka aka ɗora mini. Kullum bayan azahar in rufe shago, in hau babur in bi hanyar Kurfi, in zauna da shi zuwa bayan la'asar, in juyo tun da rana don hanyar ba ta son duhu.

Wallahi ban taɓa shan azaba irin ta zaman nan ba. Zai ɗauki gyaɗa ɗaya da hagu, ya cusa ta tsakanin yatsun dama, ya danna, ta suɓuce. Ya sake ɗauka. Gumi na tsiyaya a gemunsa, ni kuma ina duba waya, ina tuna masu jirana a shago, ina miƙewa in leƙa babur ba gaira ba dalili. Kafin ya fasa biyar na cika tafin hannu sau uku. Mako biyu muna abu ɗaya, buhun yana tsaye kamar ba a taɓa shi ba. Na auna da ido na ga a haka sai an yi girbi ba mu gama ba.

Sai wata ranar kasuwa na zo da wuri, Baba yana barcin rana. Na ɗaure buhun a bayan babur na kai Dutsin-Ma wurin masu inji. Kafin in gama shan ruwan leda an gama. Na dawo ina jin kaina, na sauke a gabansa na ce, "Baba, ga shi an hutar da kai."

Ya tura hannun hagu cikin buhun, ya ɗebo, ya baza a tafinsa. Sai a lokacin na duba da kyau. Rabi sun tsage biyu, sauran jar rigarsu ta saɓule. Gyaɗar iri da hannu ake ɓare ta, domin wadda ta ji ciwo ruɓewa take yi a ƙasa. Duk yaron da ya tashi a Wurma ya san wannan. Ni ma na sani, gaggawa ce ta rufe mini ido.

"Wagga ta ƙuli-ƙuli ce," in ji shi. Ya zubar, ya ɗauki sandarsa ya shige.

Inna ta same ni a zaure ina kame-kame, ina cewa ai iri ne, ana sayarwa, gobe zan sayo ɓararre. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Kai halan ka zaci gyaɗar nike so? Ni da 'yan uwanka mata sai mu ɓare ta kwana biyu. Hannun nike so." Garin neman gira na tsone ido. Kunya ta kama ni, haushin kaina ya biyo baya, har na ji kamar in hau babur kada in sake waiwayar garin. Wannan shi ne abin da na saba yi duk lokacin da abu ya lalace a hannuna.

Washegari Baba ya aika a gaya wa ƙaninsa ya fara neman wanda za a ba gonar.

Ban san abin da ya hana ni gudu ba. Ina jin ganin sandar nan ce tana shiga zaure a hankali. Na je Birchi wurin kawuna, yayan Inna, na roƙi rabin buhu na iri da ɓawonsa. Na kawo gindin darbejiya na shimfiɗa tabarma. Baba ya fito ya zauna a kujerarsa, ya juya mini ƙeya yana jan carbi da hagu. Na miƙa wa Inna wayata na ce ta jefa a tukunya ta rufe, na fara ɓara ni kaɗai.

Kwana tara muka yi a haka. Ina zuwa, ina gaishe shi, ya amsa a taƙaice, in zauna. Ƙafata na rawa in danne ta da gwiwar hannu. Kunnena yana jiyo ƙarar wayar da ke kashe a cikin tukunya. Masu kawo gyara suka fara komawa shagon maƙwabcina, abokaina suka sa mini suna sarkin noma. Sau biyu ina kaiwa mararraba in tsaya in ce yau dai a bar shi, sannan in tuna idan kujerar ta fito ba ta tarar da tabarma ba, shi ke nan.

A rana ta goma na kama wata mai taurin ɓawo, na matsa ta ƙi, na kai baki na gartsa.

"Kai, mi kake yi haka?" Ashe duk kwanakin nan Baba yana kallona ta wutsiyar ido. "Iri ka ke ma haƙori? Bakinta a ka kamawa, nan, ka danna da babban yatsa. Miƙo."

Na miƙa. Da hannun dama ya karɓa, bai ma lura ba. Ta suɓuce ta faɗi a rigarsa, ya ɗauka, ta sake suɓucewa. Na cusa hannayena ƙarƙashin cinya don kada su taimaka. A karo na huɗu ta yi ƙas, ƙwaya biyu jajaye suka fito lafiya lau. Ya jefa su a ƙwarya, ya ce in turo buhun kusa.

Daga nan muka ci gaba, kullum, har hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ba zan yi ƙarya ba, yatsu uku ne kawai suka saki, biyun ƙarshe har yau a lanƙwashe suke. Ni ma ban zama wani mai haƙuri ba, har yanzu ina katse mutane a tsakiyar magana. Amma na san yadda ake zuwa wuri ɗaya a yi abu ɗaya yau, a sake dawowa gobe, kuma shagon nan yana nan a buɗe shekara ta shida ke nan.

Da ruwa ya zauna muka fita gona da sassafe. Ni ke sara da sungumi, shi yana biye da ƙwarya rataye a wuya, yana jefa iri yana rufewa da ƙafa. Na sunkuyar da kai na yi ta sara, ban ɗago ba sai da na kai ƙarshen layi. Da na waiwaya, yana can baya, bai wuce rami na ashirin ba. Ina ganin hannun yana shiga ƙwarya, yana fitowa yana karkarwa, wani irin ya faɗa rami, wani ya faɗi gefe.

Ya ɗago ya ce, "Tahi abinka, ina tafe."

Na saɓa sungumin na dawo har inda yake. Na tsaya rami ɗaya a gabansa, sai ya rufe wannan sannan in sara na gaba. Layi uku ya shuka ranar, rana ta take kafin mu gama. Da gyaɗar ta tsiro, duk gonar a miƙe take ban da layukan nan uku, sun fito a karkace, wasu a cunkushe, wasu da giɓi. Da lokacin noman farko ya yi, wani mai taya mu aiki ya ce bari ya cire na gefen ya daidaita. Na ce ya bar su yadda suke.