A Gaban Benci Ake Sauke Faranti

Jiya a rediyon mai shayi na ji wani lauya yana cewa, a doka, yarinyar da ba ta kai shekara sha takwas ba, yardarta ba yarda ba ce. Ni da na gudu daga makaranta tun ban iya rubuta sunana ba, sai na yi dariya, don na riga shi jin wannan karatu a bakin marigayi tsohon ɗan kamashonmu na tashar motar Zugurma.

Dokarsa ɗaya ce: duk 'yar talla a gaban bencinsa za ta sauke faranti, mai saye ya tako ya saya a idonsa. Har yau ina jin ƙamshin dafaffiyar gyaɗa gauraye da man zafin da yake shafa wa gwiwa.

Wata rana wani direba ya yafito wata yarinya zuwa bayan mota, ta kuwa bi shi. Tsoho ya buga sanda a ƙasa. "Ke, dawo nan!"

Direban ya ce, "Haba Baba, janta na yi? Da ƙafarta ta zo."

Tsoho ya ce, "Ko alewa ka nuna mata za ta zo. Kai ne babba, kai za a tambaya." Ranar motar direban ba ta ga lodi ba.

Yanzu ni ke kan bencin, ba haƙori, ba kwarjini, sandar ma aro ce. Amma farantan a gabana ake sauke su. Allah Ya tsare Baba a kabarinsa yadda ya tsare 'ya'yan mutane.