Taya a Kan Turmi

Ni mai saurin fushi ce, kuma na san da haka. Mahaifina, Allah ya ƙara masa lafiya, yakan ce tun ina goye nake harara. Shi kuwa sanyin halinsa har haushi yake ba ni. Shekara arba'in ya yi yana kora amalanken jaki a Maijirgi, yau gero, gobe gyaɗa, jibi tubali, wani lokaci mara lafiya zuwa likita, kuma duk wanda ya daɗe da jaki ko dai ya koyi haƙuri ko ya canza sana'a. Yayyena maza biyu sun ƙi amalanke, ɗaya ya yi Agadas, ɗaya ya tsallaka Katsina. Ni auta na yi boko, na zama malamar lissafi a wani lise, wato makarantar sakandare, a Tasawa. Baba bai taɓa yi mana gori ba. Sai dai in ya durƙusa yana shafa wa taya maiko, yakan ce, kamar da jakin yake magana, "Mu dai ba mu da magaji."

A shekarata ta uku ina koyarwa a kan kwantiragi aka sanar da ni cewa sufeto zai zo daga Maradi ya kalli darasina. In ya gamsu, sunana zai shiga cikin waɗanda za a tabbatar a aiki. In bai gamsu ba, ƙarshen shekara sai in tattara littattafaina in koma gida. Ina son aikin nan ƙwarai, kuma na tsorata.

Darasin da ya faɗo a makon shi ne zanen sinus da kosinus. Abin ba wuya gare shi ba in an gan shi. Ɗigo ne yake zagaya da'ira, kai kuma kana auna yadda yake hawa sama da tsakiya yana sauka ƙasa da ita. In ka jera awon nan a kan allo, sai layi ya fito yana lanƙwasa a hankali kamar sawun maciji a rairayi. Amma 'yan ajina haddace lambobi suke yi, su zana mini haƙoran zarto, su miƙo takarda suna murmushi. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Sai na ce a raina, gani ya kori ji, ai ina da da'ira mai juyawa a ƙofar gidanmu.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Maijirgi. Na tarar da Baba ya kwance jaki, Inna tana daka a tsakar gida. Ban ko sha ruwa ba na ce ya turo mini amalanke gefen doguwar katangarmu. Na ɗiga alli a bakin taya, na ɗauki gawayi. Shi ya riƙa turawa kaɗan kaɗan, ni kuma duk inda ya tsaya sai in yi alama a katanga daidai inda allin yake. Da muka kai ƙarshe na haɗa alamomin, na ja da baya don in ga macijina.

Ba maciji na gani ba. Ƙore na gani a kife, a jere, sama a zagaye, ƙasa da tsini.

Na ce ƙasar ce ba daidai ba. Na ɗauko tsintsiya na share, muka sake. Ƙoren suka dawo. A karo na uku raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ba ka turawa daidai! Kana karkata shi."

Inna ta tsaya da daka, ta leƙo ta ce, "Laihi tudu ne. Mutumin da ya tsuhwa yana tura amalanke, yau ke za ki koya mashi?"

Baba ya saki amalanken. Ya goge hannu a riga, ya ce, "Madam," don haka yake kirana in yana son tsokana, "mi kike so ki gani ne? Zana mani a ƙasa."

Na zana masa da yatsa, ina huci. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kalli katanga.

"Wanga da kinka zana ba tahiyar taya ba ce," in ji shi. "Na katanga shi ne gaskiya. Taya in tana tahiya, wurin da ya taka ƙasa tsayawa yake yi cak, kahin shi tashi. Sama ke gudu, ƙasa na jira. In da ba ya tsayawa, kina ganin sawun taya zai hito raɗau cikin rairai, har ki ƙirga zanenta? Ai da gogewa za ta yi."

Na san layin nan na ƙore, na karanta shi a jami'a, yana da sunansa da lissafinsa, har na ci jarrabawa a kansa. Gaggawa da tsoro ne suka rufe mini ido. Ɗigon allin tafiya biyu yake yi a lokaci guda, yana zagaye yana kuma bin amalanke gaba, ni kuwa hawa da sauka kawai nake nema. Da na kai wannan gaban sufeto, da na kwance wa kaina zane a kasuwa. Kunya ta kama ni, kunyar kuskuren da kuma ta tsawar da na yi wa mahaifina.

"Abin da kike nema daga baya ake ganin shi," in ji Baba. Ya shiga gida ya ce wa Inna ta juye geronta a ƙwarya, yana son turmi. Ta yi mita, ta ce yau boko ya hana mutane cin tuwo, amma ta juye. Ya ɗaga gefen amalanken, na tura turmin a ƙarƙashi, taya ta tashi daga ƙasa tana reto. Ya yago farin tsumma ya ɗaura a bakin ƙarfen tayar, ya bar jelarsa ta fito gefe.

"Koma can baya, inda nike tsayawa in an yi lodi."

Na koma. Daga nan ba a ganin da'ira ko kaɗan, taya ta zama baƙin layi a tsaye. Ya murza ta da tafin hannu. Tsumman ya hau, ya ɗan yi jinkiri a sama, ya sulalo da sauri ta tsakiya, ya sake jinkiri a ƙasa, ya taso. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Wannan shi ne kai-komon da littafin kimiyyar fizik yake ba dogon suna da Faransanci, wanda na shekara uku ina bayaninsa da baki ina kaɗa hannu a iska. Baba ya ce shi da haka yake gane tayar da ta karkace, in ya ga tsumma yana rawa gefe.

Sauran aikin nawa ne. Na raba tayar gida goma sha biyu da alli. Ya juya gida ɗaya, in auna tsayin tsumman da karan dawa, in kai awon katanga, in matsa taki ɗaya. Kafin la'asar maciji ya kwanta a katangarmu, sumul, ba tsini ko ɗaya. Inna ta zo ta duba, ta ce duk a kan wannan aka hana ta daka.

Ranar da sufeto zai zo, Baba ya baro Maijirgi bayan sallar asuba, ba kowane kaya a amalanken sai turmi. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Mai gadin makaranta ya tare shi, ya ce ba a kawo itace yau, sai da na fito da gudu. Shugaban makaranta ya kalli jakin, ya kalle ni, ya ce yana fata na san abin da nake yi.

Na fito da aji ƙarƙashin dalbejiya, aka jingina allo a gindinta. Sufeton siriri ne mai tabarau, ya zauna a kujera can gefe, bai gaisa da kowa sosai ba, ya buɗe littafinsa. Na jera yaran a bayan amalanke, Baba ya murza taya. Aji mai surutu kamar kasuwar awaki ya yi shiru. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, "Madam, a tsakiya ya hi sauri!" Na ji kamar in rungume ta.

Su suka auna, su suka zana. Muka fara da tsumma daidai tsakiya, sinus ya fito. Muka fara da shi a can sama, ga kosinus, maciji ɗaya ne, wurin farawa ne ya bambanta. Baba ya matso da tsumman kusa da cibiyar taya, tudun ya rage tsayi. Jakin ya yi kuka sau biyu, aka yi dariya, aka ci gaba. Ba wanda ya zana haƙoran zarto.

Ina shirin rufe darasi sufeto ya ɗaga biro. Ya ce da Faransanci, a hankali, "Madam, me ya sa kika wahalar da dattijo da turmi? Ai da kin tura amalanken a jikin bango, kin bi ɗigon da alli, da ya fi sauƙi."

Sai na gane rami ne ya haƙa mini, ramin da na riga na faɗa a gida har sau uku. Na ce masa na gwada, kuma ba sinus ke fitowa ba. Na zana masa ƙoren a kife a gefen allo, na faɗi sunan layin, na yi bayanin tafiya biyun da ɗigon yake yi. Ya tambaya a wane littafi na ga wannan gargaɗin. Ina iya yin shiru in karɓi yabon, amma na nuna Baba na ce, "Ga littafin nan tsaye."

Sufeto ya juya harshe zuwa Hausa, ya tambaye shi. Baba ya ɗan rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban san komi ba. Sama ke gudu, ƙasa na jira, shi ke nan." Sufeto ya rufe littafinsa, ya tashi, ya zo ya tsaya a bayan amalanke cikin yara, ya ce a sake murza masa. Ya daɗe a wurin. Da zai shiga mota ya ce mini in kwantar da hankalina, abin da zai rubuta mai kyau ne. Takardar tabbatarwa ba ta iso ba sai da damina ta faɗi, amma tun ranar na san na tsira da aikina, kuma har yau ina ajin nan.

Yara suka watse, ya rage ni da Baba. Muka sauke amalanken daga kan turmi. Ya je gaban allo, ya bi layin da yatsa tun daga farko har ƙarshe, alli ya ɓata masa hannun riga.

"To wanga shi ne aikin da kike yi kullum?"

"Shi ne, Baba."

"Kallon taya."

"Kusan haka."

Ya jinjina kai. Ya koma ya ɗaura wa jaki amalanke, ya gyara masa tsumman da ke ƙarƙashin sirdi, ya shafa wuyansa. Bai kalle ni ba, da jakin ya yi magana.

"Ka ji, ashe muna da magaji."

Ni da ba a taɓa faɗa mini ɗaya ban mayar da biyu ba, ranar sai hawaye. Ya ɗaure turmin da igiya, ya ce bari ya kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba, Inna tana jiran abinta.