Ikilima Mai Kai Tsoka Kano

Ba laifin da na tsana kamar mutum ya tsorata mara lafiya don ya sayar da hajarsa. Zan zo kan mai wannan hali. Bari dai in fara da Ikilima, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin garinmu, wadda za ta ajiye aiki bayan girbin bana.

Masu sammakon zuwa noman rani a Watari duk sun san ta. Sukan same ta a bakin titi tana jiran motar Kano, rungume da kula mai ƙanƙara. Likita kan zo lokaci-lokaci ya ɗebi 'yar tsoka daga jikin wanda ƙari ya fito masa, ita kuma ta kai ɗakin gwaji kafin zafi ya lalata ta. Ba ta yarda a sa kular a but ɗin mota. Direbobi har tsokanarta suke yi.

"Hajiya, yau ma naman miya ne?"

"Gobe naka zan ɗiba. Matsa min kujera."

Na taɓa tambayarta abin da ake nema a tsokar da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ta ce, "Baba, da farko a gane ko ciwon daji ne. Idan mai jikin ya yarda, ragowar sai a ba masu bincike. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai ɗan aike mai kai saƙo, su suna ce masa RNA. Akwai kuma wasu sinadarai da ke yi masa lamba, ya daɗe bai lalace ba. Suna so su gane ko yawan sinadaran nan zai nuna ciwon wa zai yi gudu, da kuma garkuwar jikin wa za ta iya tsaya masa. Ba su gama ba, Baba, kada ka je kana cewa an samu magani."

Ban yi boko ba, amma na san wuta-wuta kan cinye gonar wani ta bar ta maƙwabcinsa, kuma manomi zai so ya san dalili tun kafin shuka.

Sai maganar Hure, matar maƙwabcina Hadi, mai yara ƙanana. Ƙari ya fito mata a nono. Akwai wani Tahir mai yawo da lasifika a kan babur yana tallar garin magani. Shi ya shiga gidan ya ce wa Inna Aina'u, uwar mijin, wai da zarar ƙarfe ya taɓa daji sai ya fusata ya bazu. Tsohuwa ta rantse allura ba za ta kusanci surukarta ba. Hadi ya kasa ƙetare maganar uwarsa. Ana ta shafa gari, ƙari yana ta girma.

Ikilima ta yi ta sintiri a gidan ana sallamarta daga tsakar gida. Ranar da ta samu shiga ɗaki, mai ɗakina Zuliha tana wurin, ita ta ba ni labari.

"Ke 'yar nan," in ji Inna Aina'u, "ku da kuke yanka mutane, wa kuka taɓa yankawa ya tashi?"

Ikilima ta saki labule, ta cire mayafi, ta ɗaga rigarta. Ɓari guda ba nono, sai dogon tabo da ya daɗe da warkewa. Duk zamanta a garin nan ba wadda ta sani.

"Inna, taɓa. Ƙarfe ne ya yi wannan, autata tana goye. Ita ce kuka zo bikinta bara."

Tsohuwa ta ɗora hannu, ta jima ba ta ɗauke ba. Can ta ce, "Hure, ɗauko mayafinki."

Gwaji ya nuna daji ne, amma bai yi nisa ba. An yi wa Hure aiki a Kano, an yi mata ƙarin ruwan da ya zubar mata da gashi. Bana ita ta yanka tumatirin gidansu ta shanya. Ba kowa ke dawowa haka ba, kuma Ikilima ba ta taɓa ɓoye wa kowa wannan ba.

Ikilima, ke ce kika tona sirrin jikinki don ki ceci 'yar wani. Ke ce mai zama da mace a layin asibiti har a kira sunanta. Masu bincike ba lallai su san fuskarki ba, amma a cinyarki aikinsu ke isa gare su. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma matasan da za ku gaje ta, kada ku yi fushi don an kore ku daga ƙofar gida. Ku koma. Magidanta, idan mace ta ce ta ji ƙulli a jikinta, a kai ta a duba a ranar.

Tahir kuwa ga abin da ya samu. Mai unguwa ya hana shi kunna lasifika a garin nan. Matan da ke aika masa sun daina. Ya bar bin layinmu, don Hure tana zaune a ƙofar gida. Matarsa Ramlat ma da ta ji ƙulli a hammata, ba ta nemi garinsa ba. Wurin Ikilima ta tafi.